Yadda Ake Renon Kariya a Tukunya, Daga Iri Har Fure

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ake turo mini a kan furanni ita ce ta kariya, kuma kusan duk labarin iri ɗaya ne: an saye ta wajen masu furanni na bakin titi tana cike da fure, an kai ta gida ana ba ta ruwa safe da yamma, kafin wata biyu ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi, shi ke nan. Kariya tsiron daji ce, a cikin duwatsu da jigawa take rayuwa, tana yin fure tsakiyar rani lokacin da ko ganye ɗaya babu a jikinta. Fari ba ya kashe ta. Yawan ruwa da ƙasa mai riƙe ruwa su ne ajalinta, shi ya sa damina ta fi rani haɗari ga wadda ke cikin tukunya. Ga matakan daki-daki.

1. Fara tabbatar da cewa kariya ce

Sunanta a wajen masana tsirrai Adenium obesum, sunan da aka tsayar mata a 1819, kuma tana cikin dangin Apocynaceae. Dangi ɗaya suke da tumfafiya da ƙwanƙwani da karan masallaci. Asalinta yankin Sahel ne tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka, da kudancin yankin Larabawa. Tana da 'yan uwa na kusa a jinsin Adenium, irin su multiflorum na kudancin Afirka da boehmianum na Namibiya da socotranum na tsibirin Sokotra, amma wadda za ka samu a kasuwarmu kusan kullum obesum ce, ko wadda aka haɗa daga gare ta.

Alamominta: gindi kumburarre mai santsi, launin toka-toka ko kore-kore, rassa masu kauri da laushi, babu ƙaya ko ɗaya, ganye mai sheƙi wanda ya fi faɗi ta wajen ƙarshensa, a tattare a kan rassa, fure mai dogon maƙogwaro da leɓɓa 5, ja ko ruwan hoda, cikinsa fari-fari, faɗinsa kamar santimita 5.

Ana rikita ta da wasu. In ka ga ƙaya a jikin reshe da ƙananan jajayen furanni, wannan Euphorbia milii ce, 'yar uwar tinya da aguwa, wani dangi ne daban. In ganyen ya kai tsawon tafin hannu ko ya wuce, furen yana ƙamshi sosai, kuma babu kumburin gindi, Plumeria ce, wadda ke zama bishiya a harabar makarantu da asibitoci.

Gargaɗi: ruwan jikin kariya dafi ne da ke taɓa zuciya. Tun da can mafarauta a sassan Afirka suna sa shi a kibiya, masunta kuma suna kashe kifi da shi. Kada a ajiye ta inda yaro mai rarrafe ko akuya za su kai baki. Wanda ya ci wani sashe nata a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran alama. In ruwan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa nan take. Masu cewa a jiƙa saiwarta a sha don magani, kada a biye musu.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci tukunya mai huji, yashi mai tsakuwa, gawayi, tsohon taki, sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, sifirit na goge wuƙar, safar hannu ta roba ko leda, toka, buta, da bulo biyu na ɗora tukunya. In za ka yi mata aure, wato ɗora guntun reshen wata kariya a kan wata, ƙara farar leda da robar ɗauri.

Yawancinsu ba saye ake ba. Yashi akwai shi wajen masu gini, ɓurɓushin gawayi masu sayar da gawayi kusan kyauta suke bayarwa, taki kuwa yana garke. Abubuwa biyu ne ke cin kuɗi: tukunya da ita kanta shukar. Tukunyar ƙasa ta wajen magina ta fi arha kuma ta fi dacewa, ta siminti ta fi tsada da nauyi, ta tangaran mai sheƙi ta fi su duka tsada kuma ta fi su riƙe ruwa. A wajen shuka, reshe daga maƙwabci kyauta ne, ƙaramar mai fure ja na gida tana da sauƙi, amma mai fure ninki-ninki ko rawaya ko baƙi-baƙi kuɗinta yakan ninka na gida sau da yawa. Masu lambu a Tailan da Taiwan ne suka ɗauki wannan tsiro na dajinmu suka yi ta haɗe-haɗe har suka fitar da waɗannan launuka, yanzu mu ne ke saye da tsada. Shawarata ga mai farawa ya koyi hannu da ta gida tukuna, in ta shekara a hannunsa lafiya sai ya sa kuɗi a mai tsada.

3. Haɗa ƙasa

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Ƙasar da ke cikin baƙar ledar da aka sayo shukar, yawanci laka ce da taki, an haɗa ta don ta riƙe ruwa a wajen mai sayarwa. A tukunyar gida ita ce ke ruɓar da saiwa.

Ka auna da gwangwani ɗaya ko kwano ɗaya:

kwano 2 na yashi mai tsakuwa, irin na kogi da ake zuba kankare da shi;
kwano 1 na gawayi da aka farfasa ƙanana, girman ƙwayar gyaɗa;
kwano 1 na ƙasar jigawa haɗe da tsohon kashin shanu ko na awaki, rabi da rabi.

In kana kusa da masu casar shinkafa, ƙonannen ɓuntu yana iya maye gurbin rabin gawayin. In akwai tsakuwar burji a unguwarku, ka tankaɗe ƙurar ka zuba tafi ɗaya ko biyu.

Kada ka yi amfani da rairayi mai laushi irin na shafe, domin in ya jiƙe sai ya dunƙule ya toshe iska, kusan daidai da laka. Gawayin ma ka tankaɗe shi ka zubar da garin. Taki kuwa sai wanda ya shekara, wanda ya yi baƙi yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara da tsutsa. Kashin kaji ya yi mata ƙarfi, a bar wa masara.

Kafin ka dasa komai ka gwada haɗin hanya biyu. Ka jiƙa shi kaɗan ka damƙa a tafin hannu: in ka buɗe hannu ya wargaje, ya yi; in ya tsaya dunƙule da shatin yatsu, ƙara yashi. Sannan ka cika tukunya ka zuba ruwa buta guda. Ya kamata ruwan ya nutse nan da nan, ya fara fita ta ƙasa kafin ka ƙirga goma. In ya kwanta a sama yana jira, haɗin bai yi ba, komai kyansa a ido.

4. Shirya tukunya

Mai faɗi marar zurfi ta fi, domin gindin kariya gefe yake buɗewa, kuma doguwar tukunya tana ajiye ruwa a can ƙasa inda ba ka gani. Faɗinta ya wuce gindin shukar da kamar santimita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, kada ya wuce haka da yawa. Ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya ba ta iya shanye ruwan da ke ciki.

Huji ɗaya ƙarami bai isa ba. A yi 3 zuwa 5, kowanne yatsa zai iya shiga. In tukunyar ƙasa ce ka jiƙa ta na awa ɗaya, ka kife ta a kan yashi, ka huda da ƙusa a hankali kana murzawa, kada ka buga da ƙarfi. Ka rufe hujin da guntun fasasshiyar tukunya ko ragar sauro don ƙasa kada ta zube, sannan ka ɗora tukunyar a kan bulo biyu yadda iska za ta bi ta ƙarƙashi. Faranti a ƙarƙashin tukunya ba na kariya ba ne.

Baƙar roba tana ɗaukar zafi sosai a watan Afrilu. In ita kake da ita, ka saka ta cikin wata tukunyar ƙasa mafi girma.

5. Hanya ta farko: shuka iri

Ita ce hanyar da ke ba da gindi mai kyau, dunƙulalle tun shukar tana ƙarama. Tana buƙatar haƙuri, domin fure sai bayan shekara 1 zuwa 2.

Kariya tana fitar da kwanso biyu-biyu a manne ta gindi, kamar ƙahon bunsuru. Yana ɗaukar wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna. Da ka ga ya fara canja launi daga kore, ka naɗe shi da zare ko roba, ba da ƙarfi ba. In ba haka ba, ranar da ya tsage iska za ta kwashe irin duka, domin kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi. Da ya tsage a cikin ɗaurin sai ka cire, ka buɗe a ɗaki inda ba fanka, ka tsinke gashin ɓangare biyun. Ƙwayar siririya ce, tsawonta kamar santimita 1, kuma tana karyewa in an matsa.

Irin ba ya jure ajiya. Wanda aka shuka a makon da aka cire shi kusan duk yakan fito, wanda ya yi watanni a leda kuwa rabi ma sai an yi sa'a. Wannan ne ya sa irin da ake sayarwa a intanet yake yawan ba mutane kunya. Kuma duk hoton da aka nuna maka na fure shuɗi ko mai launi bakwai, ka riƙe kuɗinka. Ko irin da aka ɗebo daga mai fure ninki-ninki na gaskiya, 'ya'yansa yawanci fure mai leɓɓa 5 suke yi.

Yadda ake shukawa: ka samu kasko ko faffaɗar roba mai huji, zurfin santimita 8 zuwa 10, ka cika da haɗin nan amma ka tankaɗe manyan tsakuwa daga saman. Ka jiƙa irin a ruwa na awa 2 zuwa 3. Ka kwantar da kowace ƙwaya a kwance, tazarar santimita 3, ka yayyafa yashi a kai kaurin rabin santimita. Ka ba da ruwa da yayyafi, da hannu ko gorar da aka huhhuda murfinta, don kada irin ya tono. Ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye, kamar ƙarƙashin rumfa.

A wannan matakin kaɗai ne ba a barin ƙasa ta bushe ƙarƙaf. Ka riƙa yayyafi kullum da safe. In akwai zafi, cikin kwana 3 zuwa 10 za su fito. Wani lokaci ɓawon yakan maƙale a kan ganyen farko. Ka ɗiga masa ruwa ya yi laushi, ka zare da tsinke a hankali.

Lokacin da ya fi shi ne daga Maris zuwa Mayu. A hunturu irin yana jinkiri ko ya ruɓe a ƙasa, a Agusta kuma laima tana kashe jariran. Kaji da ƙadangaru suna son su, a kife musu kwando ko raga.

In sun yi ganye 6 zuwa 8, wato bayan kamar wata 2, sai a raba su kowanne da tukunyarsa ƙarama, a fara saba musu da rana ta safe.

6. Hanya ta biyu: dasa reshe

Wannan ta fi sauri, reshe yana iya yin fure a shekararsa ta farko, kuma launin uwar zai ɗauko. Sai dai gindinsa ba ya kumbura da wuri, saiwoyi ne ke yin kauri a ƙarƙashin ƙasa, sai bayan shekaru a ɗago su.

Ka sa safar hannu, ka goge reza da sifirit, ka yanko reshe mai tsawon santimita 15 zuwa 20 wanda ya kai kaurin babban yatsa, wanda jikinsa ya fara yin toka-toka. Ɗanye shar mai laushi yana saurin ruɓewa. Ka cire ganyen duka sai biyu ko uku na kai, ka dangwala wurin yankan a toka, ka jingine shi a inuwa inda iska ke wucewa.

Kada ka dasa a ranar. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe rassa. Ka bar shi kwana 4 zuwa 7 har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Sannan ka soka shi zurfin santimita 4 zuwa 5 a haɗin da ke da ɗan danshi kaɗan, ka tokare da tsinke ko duwatsu don kada ya motsa. Mako guda babu ruwa. Bayan nan ka riƙa zuba kaɗan a gefen tukunya duk kwana 4 ko 5. Saiwa tana fita cikin mako 3 zuwa 6, alamarta sabon toho a kai. Kada ka riƙa tuge shi kana dubawa. Sa reshen kariya a kofin ruwa don ya yi saiwa, kamar yadda ake yi wa wasu furanni, ruɓa yake kawowa.

Wanda ya ga ƙatuwar kariya a daji ya ji sha'awar haƙo ta, gara ya yanko reshe ya bar ta a wurinta. Saiwarta tana shiga tsakanin duwatsu, ba a fitar da ita sai an sassare, kuma yawancin waɗanda aka kawo gida haka ba sa wuce damina ɗaya.

7. In saye za ka yi

Kada fure ya ɗauke maka hankali, gindi za ka duba. Ka matsa shi da yatsa ta kowane gefe har inda ya haɗu da ƙasa: ya zama da tauri, babu wurin da ke lotsawa, babu baƙin tabo mai danshi. Ka juya ganye ka duba bayansa ko akwai ƙwari. In an ce maka 'yar aure ce, ka nemi tabon haɗin a jikin reshe, kuma ka saya lokacin da take da fure don ka ga launin da idonka.

8. Dasawa

Wadda aka sayo a bar ta mako guda a inuwa mai haske ba ruwa, ƙasar ledar ta bushe. Sai ka yaga ledar, ka kakkaɓe tsohuwar ƙasar duka, in ta manne ka wanke da ruwa. Ka yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta yi laushi, ka shafa toka, ka rataye shukar ko ka kwantar da ita a inuwa kwana 2 zuwa 3. Ba abin da zai same ta, ruwan da ke gindinta ya ishe ta.

Ka zuba haɗi a tukunya ka yi ɗan tudu a tsakiya, ka zaunar da gindin a kai, ka baza saiwoyin su kewaye, ka cika. Kumburarren sashen ya kasance a sama da ƙasa. Binne shi yana jawo ruɓa, kuma kyan shukar kenan kake ɓoyewa. Ka bar santimita 2 tsakanin ƙasa da bakin tukunya, ka shimfiɗa tsakuwa a sama.

Gargaɗi: kada ka ba da ruwa a ranar dashe. Ka jira kwana 5 zuwa 7. Mun saba da cewa dashe sai da ruwa, haka ne ga tumatir da albasa, ban da kariya.

9. Rana da ban ruwa

Tana son rana aƙalla awa 6 a yini. A falo ko ƙarƙashin darbejiya za ta yi ta miƙa siraran rassa, ba fure. Wadda ta saba da inuwa a fito da ita sannu a hankali, rana ta safe na mako ɗaya ko biyu tukuna, in ba haka ba ganye da gindi za su ƙone.

Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanke, ƙasa ake tambaya. Ka soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, ka bar shi minti ɗaya ka zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ka bari. In ya fito a bushe, ka zuba ruwa sosai har ya fita ta huji. Ɗan yayyafi kullum ya fi cutarwa a kan shayarwa sosai lokaci-lokaci. Da safe ake ba ta, kuma a ƙasa, ba a kan fure ba.

Abin da za ka tarar a shekara kusan haka ne. A bazara, Maris zuwa Mayu, tana girma tana fure, tukunyar ƙasa tana bushewa cikin kwana 2 zuwa 3, kuma a wannan lokacin tana shan ruwa fiye da yadda ake zato. Da damina ta sauka ka ajiye buta. In haɗinka mai kyau ne ruwan Yuni da Yuli ba zai dame ta ba, har ma ta fi son sa. Malkar Agusta ce abin tsoro, lokacin da ake kwana biyu uku ba a ga rana ba; ka janye ta ƙarƙashin rumfa ko baranda inda haske ke shiga, ka tabbata ba ta saitin indararo. A kaka sau ɗaya a mako yakan isa. A hunturu tana zubar da ganye ta yi barci, mutane su ɗauka ƙishi ne su ƙara ruwa, su kashe ta. Sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 ya wadatar, in ta zubar da ganye duka ma a ƙara tazara. Ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10, don haka mutanen Jos da Mambila su matsar da ita jikin bango ko su shigar da ita da dare.

Abu ɗaya da na lura da shi a gidaje da yawa: ana ajiye tukunya daidai inda ake alwala, da niyyar kada ruwa ya tafi a banza. Mutum biyar sau biyar a yini, ƙasar ba za ta taɓa bushewa ba. Wurin ya dace da na'ana'a ko rake. Ruwan wanki da na wanke-wanke ma kada ya kusance ta.

In gindi ya yi tamoji, ka duba ƙasa kafin ka yanke hukunci. Tamoji da busasshiyar ƙasa ƙishi ne, ruwa ɗaya ko biyu zai cika shi. Laushi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓa ce, ka tsallaka zuwa mataki na 13.

10. Taki

Ba ta da ci. Rabin cokalin shayi na NPK 15-15-15 ga tukunya mai faɗin santimita 25 zuwa 30, sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Oktoba, a barbaɗa a gefen tukunya nesa da gindi, a bi da ruwa. Yuriya ganye take sa ta yi, rassa su yi tsawo su yi laushi, fure ya ragu. Ba a sa taki a hunturu, ko ga marar lafiya, ko kafin wata guda da dashe.

11. Aski da ɗaga gindi

Fure a kan reshe yake fita, don haka yawan rassa shi ne yawan fure. Wadda aka bari ta miƙe sanda ɗaya, tsubi ɗaya za ta ba ka. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, da sanyi ya wuce, ka rage dogayen rassa ka bar santimita 8 zuwa 10, yankan a ɗan karkace don ruwa kada ya kwanta. Ka goge ruwan da ya tsatso da tsumma, ka shafa toka, kada ruwa ya taɓa wurin na mako guda. Cikin mako 2 zuwa 3 idanu biyu ko uku za su toho a ƙasan kowane yanka, fure ya biyo bayan wata 2 zuwa 3. Rassan da ka cire su ne na mataki na 6, sauran kuma a binne su ko a ƙulle a leda, kada a watsar inda dabbobi ke kiwo. Aski a tsakiyar damina yana buɗe wa ruɓa ƙofa.

Duk shekara 1 ko 2, a wannan lokacin dai, ka sauya ƙasa, ka ɗaga gindin sama da santimita 2 zuwa 3 fiye da inda yake a da. A hankali manyan saiwoyin da ke ɓoye za su bayyana, su ne ke ba ta siffar da ake biyan kuɗi a kai. Sashen da aka fito da shi fari ne, rana tana ƙona shi, a rufe da tsumma ko a bar ta a inuwa mako biyu. In tukunyar ƙasa ta tsage da kanta, gindi ne ya cika ta, lokacin sauyi ya yi.

12. Aure

Kamar dai yadda ake yi wa mangwaro, sai dai na kariya ya fi sauƙi. Uwar, wato wadda za a ɗora wa guntun reshen, ta zama ta gida wadda aka shuka daga iri, mai shekara ɗaya ko fiye. Ka daina ba ta ruwa kwana 3 kafin aikin. Ka yanke reshenta a miƙe, shafe ɗaya da sabuwar reza. Daga mai launin da kake so ka yanko guntu mai tsawon santimita 2 zuwa 3 da ido ɗaya ko biyu, kaurinsa daidai da na uwar ko ƙasa da shi kaɗan, shi ma a miƙe sama da ƙasa. Ka lura da inda ke sama, in ka kife shi ba zai kama ba. Ka goge ruwan ɓangarorin biyu, ka ɗora, ka lulluɓa farar leda ta kansa ka ja ƙasa yadda za ta danne shi, ka ɗaure da roba a jikin uwar. Inuwa, kwana 10 zuwa 14, sannan ka kwance. In guntun yana nan kore da tauri, ya kama.

Daga nan duk tohon da ya fito ƙasa da tabon haɗin ka cire shi. In ka bar shi zai fi ƙarfin na sama, wata rana ka ga mai tsadar taka ta koma fure ja na gida. Masu cewa an cuce su a kasuwa, sau da yawa abin da ya faru kenan.

13. Ƙwari da ruɓa

Darɓa rawaya tana taruwa a kan toho da ƙunshin fure. Akwai kuma farin ƙwaro mai gari-gari da ke ɓuya a hammatar ganye, har a saiwa. In ka ga kiyashi suna hawa da sauka, shi suke bi. A lokacin ƙurar hunturu wani ɗan mitsitsin gizo yana sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya dushe, da siririyar saƙa a bayansa. Dukansu maganin farko ɗaya ne: a wanke ganye gaba da baya da ruwa mai ɗan ƙarfi, sannan a fesa ruwan sabulu, cokalin shayi 1 a lita 1, in da man darbejiya a ƙara cokali 1. Da yamma ake fesawa, a rufe ƙasar da leda, a maimaita bayan kwana 5 har sau uku. Fesawa da rana tsaka tana ƙona ganye. Da damina wata ƙatuwar koriyar tsutsa tana iya cinye ganyen reshe guda a dare ɗaya. Baƙin kashinta a kan tsakuwa ne ke tona ta, hannu ya ishe ta.

Ruɓa kuwa ba ta jira. Alamarta ganye ya yi rawaya gaba ɗaya a lokacin da ba hunturu ba, gindi ya lotsa, wani lokaci da wari. A ranar ka tuge ta, ka wanke, ka fara yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa, kana goge wuƙar da sifirit bayan kowane yanka. Ka ci gaba har sai ka kai farin nama tas, ba ɗigo mai launin ruwan ƙasa ko ɗaya, ko da rabin gindin zai tafi. Tausayi a nan shi ke ƙarasa ta, domin ɗan tabon da ka bari zai ci gaba da ci. Ka shafa toka ko hodar maganin fumfuna daga shagon kayan gona, ka rataye ta a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 14, kana dubawa kullum. In baƙin ya dawo ka sake yankewa. In wurin ya bushe ya yi ɓawo, ka dasa a sabon haɗi busasshe, tsohuwar ƙasar a zubar, tukunyar a wanke a shanya a rana. Ruwan farko bayan kwana 10, shi ma kaɗan a gefe.

In ruɓar ta cinye gindin duka ta fara hawa, ka yanke rassan daga sama inda cikinsu yake fari, ka duba bakin kowanne da kyau, ka bi da su ta mataki na 6.